Dubu 80 gare ni: in yi wa tsohuwar kwamfutata yaɓe, ko in jira sabon gini?

Malam_Na_Tudu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na jima ina leƙowa nan ina karanta na wasu, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai ga ni da tawa.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya. Ina da kwamfutar tebur a gida, HP Compaq Elite 8300, siririyar nan da ake kwantar da ita a ɗora allo a gadon bayanta. Ta hannu ce, na saye ta a 2018 lokacin da wani ofis ya sauya kayan aiki. Ga abin da babban yarona ya karanto mini a cikinta: furosesa Core i3-3220, RAM 4GB sanda guda, faifan ajiya irin mai juyawa na 500GB, da Windows 10.

Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa, namu da na wasu makarantu biyu na unguwa, da ita nake haɗa sakamakon ɗalibai a Excel. Da yamma kuma nakan tsara wa mutane katin ɗaurin aure da na suna da CorelDRAW, kuma gaskiya shi ke tallafe cefane idan wata ya yi nisa. 'Yata za ta zana JAMB bana, a kanta take gwajin tambayoyi. Shi kuwa yayanta ba abin da ke ransa sai wasan ƙwallo na PES.

To yanzu ta zama sai addu'a. In na kunna ta bayan na dawo daga masallaci da asuba, sai an dama koko na shanye kafin Word ya buɗe. In na kuskura na taɓa Chrome alhali CorelDRAW na buɗe, shi ke nan, linzami ya ƙame, in zauna ina kallonta tana kallona. Wata biyun nan ta ƙaro sabon salo: wata 'yar ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, ta yi ta daina, ta yi ta daina. Agogonta kuma duk sa'ad da aka ɗauke wuta sai ya koma wata shekara can baya, har shafukan intanet su ƙi buɗuwa sai na gyara shi. Da rana fankarta kamar injin markaɗe.

Na kwashi adashi makon jiya. Bayan an fitar da na masara da na makarantar yara, naira dubu 80 ta rage, kuma na yi wa uwargida alkawari ko sisi ba zan ɗora a kai ba.

Shawara uku aka ba ni, kowacce ta kama gabanta. Wani mai gyara ya ce katin girafik take buƙata, yana da GT 710 mai 2GB zai sa mini, ta koma kamar sabuwa. Yarona ya ce a'a, a cire i3 a sa i7, wai shi ne ƙarshen magana. Abokin aikina a ɗakin malamai ya ce in sayar da ita ko nawa ne in haɗa kuɗin in sayi wata, ɓata kuɗi ne yi wa tsohuwa kwalliya.

Ni dai ban san na kama ba. Don Allah wanda ya san harkar ya faɗa mini: a dubu 80 ɗin nan, me zan fara saya, me kuma zan haƙura da shi?

Injiniya_Sabongari ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Irin wannan injin na kwance su ba adadi a shagona a Kano, kuma ina ganin mutuncinsu. Na ofis ne, an yi su don su yini a kunne. Kada ka yarda a raina maka ita.

Amma kafin ka fitar da ko naira ɗaya, ka yi mini abu biyu a daren nan, duka kyauta ne.

Ka buɗe abubuwan da ka saba buɗewa har ta fara ƙamewar tata, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito, ka shiga Performance. Layi uku za ka duba: CPU, Memory, Disk. Wanda ya cika ya tsaya a sama, shi ne mai laifin. Ina da yaƙinin Disk za ka gani a 100, Memory ya kusa baki, furosesan da ake son a cire kuwa yana zaune yana hamma. Amma gani ya kori ji, ka duba da idonka.

Na biyu ya fi gaggawa. Wannan ƙas-ƙas ɗin ba ta kwanta mini ba. Ka sauke wata 'yar manhaja, CrystalDiskInfo. Tana karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa. Shuɗi lafiya lau, rawaya gargaɗi, ja kuwa an gama. In ka ga rawaya, ka bar komai ka kwashe takardunka zuwa filashi a daren.

Sai maganar saye. SSD, wato faifan ajiya irin na zamani, shi ne na farko, ba na biyu ba. Faifan da ke cikinta yana juyawa sau 7200 a minti, da wata 'yar allura da ke yawo a kansa tana tsinto abin da aka nema. Windows kuwa ba babban abu ɗaya yake nema ba, ƙananan abubuwa ne dubbai a warwatse, allurar ta yi nan ta yi can. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. A takarda za a ce maka yana karanta wajen 500MB a daƙiƙa, tsohon kuwa ɗari da wani abu, amma ba wannan ne abin da za ka ji a jikinka ba. Tsintar ƙananan nan ce, a nan tazarar ta fi ta doki da jaki.

Ka nemi mai inci 2.5, na SATA, 240GB ko 256GB ya ishe ka. Kada a ba ka siririn nan mai kama da cingam, M.2, bod ɗinka, wato babban farantin da ake jona komai a kansa, ba shi da gurbinsa. In ka buɗe injin za ka ga bakunan SATA kala-kala: shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, fari. Shuɗayen ne masu sauri, farin na DVD ne. SSD ya hau mai duhun. Ba sai ka sayi wani ƙarfen ɗaure shi ba in kuɗi ya matse, salatif mai fuska biyu ya riƙe shi, tunda ba ya girgiza. Kuma a ɗora masa Windows sabo fil, kada a kwafo tsohon da duk tarkacensa na shekara bakwai.

Jabu sun yi yawa, wannan kam ka kula. Akwai wanda za a buga wa sunan babban kamfani, kwali tsaf, ciki kuwa abin kunya. Ka ce a jona shi a gabanka, ka duba sa'o'in da ya yi aiki a CrystalDiskInfo ɗin nan, sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwa ba. A rubuta maka garanti a rasit. In ka koma gida ka gwada shi da H2testw, tana cika shi da bayanai ta karanto su, in girman ƙarya aka rubuta za ta tona. Amma in ka sayi 256GB Windows ya nuna maka 238, ba cuta ba ce, lissafin ne ya bambanta, su suna ƙirga da 1000, shi yana ƙirga da 1024. Kai malamin lissafi ne, ba sai na ja ba.

Bayan SSD sai RAM. Shi kamar teburin mai shago ne, faifai kuma sito. In tebur ya cika, kowane ciniki sai an ruga sito, ga shi siton naka mai nisa. Injinka gurbi huɗu gare shi, DDR3 yake ci, yana ɗauka har 32GB, amma kai 8GB ya wadatar. Ka zaro sandar da ke ciki ka tafi da ita kasuwa. Ka karanta takardar jikinta, za ka ga abu kamar PC3-12800U. Harafin ƙarshen nan shi ne magana: U na kwamfutar tebur, S gajere ne na laftof, R na manyan injunan kamfanoni da ake kira saba (server), yana da araha amma ba zai tashi a naka ba. Mutane da yawa arahar R ta ja su sun dawo suna sallallami. Ka samo 4GB irin naka, a sa su a gurabe masu launi ɗaya, don su yi aiki hannu biyu. Ka kuma leƙa Settings, System, About, ka ga ko Windows ɗinka 64-bit ne. In 32 ne, ko RAM ɗin duniya ka zuba ba zai ga abin da ya wuce 4GB ba.

Agogon da ke komawa baya ba aljani ba ne. Wani ɗan batir ne mai kama da kwabo a kan bod, CR2032, irin na rimot ɗin mota. Masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Fankar kuma ƙurar hunturu ce ta toshe ta. A fitar da injin tsakar gida a busa shi da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta wulwula ta, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo, ɗigo kamar ƙwayar wake.

Shi kuwa GT 710, ka gaishe da mai shi ka wuce. Katin ɗaurin aure a CorelDRAW ba katin girafik yake nema ba.

Dan_Gola10 ya rubuta:

Baba Malam barka da dare. Ni sa'an ɗanka ne, bari in yi magana a madadinsa tunda ba ya nan, amma gaskiya zan faɗa.

Abin da Injiniya ya ce kan GT 710 haka yake. Kalmar "2GB" ce ke ruɗar mutane. Girman ma'ajiyar kati daban, ƙarfinsa daban, kamar a ɗora wa Keke Napep tankin tirela. Ya ɗan fi girafik ɗin da ke cikin i3 ɗinka, HD 2500, amma tazarar ba ta kai kuɗin ba.

In wata rana za a saya masa kati, akwai abu biyu da ke ɗaure ku. Akwatin siriri ne, sai kati gajere mai ɗan ƙaramin ƙarfe a baya. Sannan fawa-fak ɗinsa, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, wat 240 ne, ba shi da wayar da manyan katuna ke buƙata, kuma bakin wayarsa na HP ne na musamman, ba za a je kasuwa a ɗauko kowanne a maye gurbinsa ba. Abin da ke shiga lafiya shi ne GT 1030, wat 30 yake ja. Shi ma iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, amma na biyun ya yi ƙasa sosai. Ni na biyun na saya ban sani ba, har yau ina jin haushi. Sama da shi akwai GTX 1050 Ti gajere, wat 75, amma wannan shi kaɗai zai lashe adashin ya nemi ƙari.

Maganar i7 kuma, i7-3770 yake nufi, zai hau bod ɗinku ba musu. Sai dai saboda shi ne kusan ƙololuwar abin da wannan bod ke ɗauka, masu sayarwa sun san haka, suna tsuga masa kuɗi. In dole sai an canja, i5-3470 ya fi ma'ana: kai huɗu gare shi na gaske, kamar ma'aikata huɗu a ciki, i3 ɗinka kai biyu, kuma yana jibge a kasuwa don injunan ofis da yawa da shi suka zo. Amma girafik ɗin cikinsa HD 2500 ne shi ma, wato ƙwallon ba za ta canja sosai ba.

Ka ce masa tsofaffin PES irin na 2013 suna tashi a haka in an rage ingancin hoto. Ya yi haƙuri da su tukuna. Mu ma da su muka taso.

Maman_Ilham ta rubuta:

Malam sannu da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, shagon buga takardu da hoto nake da shi a Kaduna kusa da wata makaranta, injuna huɗu, biyu irin naka ne sak. Duk maza sun yi maganar abin da za a sa a ciki, ba wanda ya tambaye ka wuta.

Ka ce agogo na komawa baya duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Wato injin yana mutuwa ne kai tsaye, yana tsakiyar aiki, ba UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe inji in an ɗauke wuta. Sau nawa a rana? Shekara nawa? Ni a nan nake zargin ƙas-ƙas ɗin ta samo asali. Faifai yana cikin rubutu a fizge masa wuta, yau da gobe sai ya gaji. SSD ma ba ya son haka, ba ya ƙara amma fayil na lalacewa.

Shekara uku da suka wuce, ana tsakiyar lokacin firojet na ɗalibai, aka kawo wuta da ƙarfi da tsakar rana. Na ji ɗas, sai wari. Fawa-fak biyu suka tafi a lokaci guda, ɗaya ya ja bod ya tafi da shi. Akwai aikin wata yarinya babi huɗu a ciki, ta kawo rubutun hannu mun buga, ta tafi da takardunta ƙauye. Faifan ya tsira, Allah Ya rufa asiri, amma kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ranar da na je neman fawa-fak irin na siririn HP ɗin nan na gane abin da yaron can na sama yake faɗa, sai da aka cire mini daga wani mataccen inji.

Don haka in ni ce kai, bayan SSD, UPS zan saya kafin komai. Ba sai sabo ba. Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu batirinsu ne kawai ya mutu, ɗan baƙin nan mai 12V 7Ah. Ka samu ƙaramin UPS na hannu, a sa masa sabon batir a gabanka, a jona inji da allo, a zare wuta ka ga minti nawa zai riƙe. Ba don ka ci gaba da aiki ba ne, don ka adana ka kashe cikin mutunci. Zafinmu yana cin batirin nan, ka sa a ranka za ka riƙa canja shi lokaci-lokaci. Kuma kada ka jona firinta mai hoda a jikinsa, tana jan wuta da yawa sa'ad da take ɗumama, za ta durƙusar da shi.

Sauran ƙanana ne. Ka ɗaga injin daga ƙasa. In an kashe a rufe shi da zane, in yana kunne a buɗe. Da damina in hadari ya haɗo a zare daga bango gaba ɗaya.

Tambayoyin jarrabawar nan kuma, ka buɗe Google Drive, 15GB suke bayarwa kyauta, takardun Word na shekara goma ba za su cika shi ba. Ni kowace Juma'a kafin a tafi masallaci yarinyar shagona take turawa.

Bakatsine_77 ya rubuta:

Ni kam ina tare da abokin aikin Malam, ko da za a ce na ɓata taro.

Duk kun tsallake magana ɗaya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa yana neman TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin inji, da furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama. Injin Malam na 2012 ne, zubi na 3, TPM ɗinsa 1.2. Ko i7 aka sa masa ba zai cika sharaɗin ba. Na san akwai dabarun da ake yi a tura masa 11 da ƙarfi, amma wannan zaman haya ne ba takarda, ranar da aka ga dama a rufe ƙofa. Ga mutum yana riƙe da sakamakon ɗaliban makaranta uku, yara kuma suna shiga intanet a kai suna sauke wasanni daga ko'ina.

Akwai shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda aka sanar zai ba da gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026, in injin yana kan sigar Windows 10 ta 22H2 kuma an shiga da asusun Microsoft. Malam ya yi rajistarsa, wannan ba gardama. Amma bayan nan fa?

Lissafina shi ne: duk nairar da aka sa a DDR3 ko furosesan wannan bod, tare za a binne su da injin. Ba za su shiga na gaba ba. SSD da UPS kuwa suna ƙaura, duk injin da ka saya gobe za su yi masa aiki. To a sayi waɗannan biyun kawai, sauran a ƙulle, a ƙara da adashi na gaba da kuɗin wannan in an sayar, a ɗauko irin su HP EliteDesk 800 G4 ko Dell OptiPlex 3060 masu i5-8500, kai shida, DDR4, da gurbin M.2. Suna shigowa na hannu, daga Computer Village ta Ikeja ake rarraba su har nan Arewa.

In kuma an ƙi sabon gini, akwai Linux Mint, kyauta ne, kuma irin wannan injin yana gudu da shi. LibreOffice zai buga jarrabawa. Matsalar CorelDRAW ba ya hawa can, sai Inkscape, kuma ba na jin Malam yana da lokacin koyon sabon hannu ana jiran katin biki ranar Asabar.

Injiniya_Sabongari ya rubuta:

Bakatsine, ba ka ɓata taro ba, maganar Windows gaskiya ce kuma na yi kuskure da ban ambata ba. Rarrabewar da ka yi tsakanin abin da ke ƙaura da abin da ake binnewa, na karɓa. Shi ya sa ni ma ban ce ya sayi furosesa ba.

Inda muka rabu sandar RAM ce. DDR3 4GB na hannu yana cikin mafi arahar abin da ke teburina. Malam zai yi aƙalla shekara guda da injin nan ko ya so ko bai so ba, don dubu 80 ba ta kawo G4, kuma yanzu ba lokacin saye ba ne: tun ƙarshen 2025 RAM ya yi tsada a duniya saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da masana'antu ke fitarwa, injunan DDR4 na hannu ma abin ya taɓa su. A ce mutum ya shekara yana fama da 4GB don ya tsimi kuɗin da bai kai na buhun siminti ba? Hausawa suka ce da sabon gini gara yaɓe. Ni na ƙara da cewa a yi yaɓen daidai zaman da ya rage a ɗakin.

Malam_Na_Tudu ya rubuta:

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri. Ban zaci za a ba ni lokaci haka ba.

Injiniya, na yi abin da ka ce. Disk 100, ya kafe a nan ko motsi ba ya yi. Memory 3.5 cikin 3.9. CPU yana yawo tsakanin 20 da 35. Na kira yarona na nuna masa, na ce ga wanda kake so a kora, shi kaɗai ne ba shi da laifi a gidan. Windows 64-bit ne.

CrystalDiskInfo kuwa rawaya. Gabana ya faɗi. Na aro filashi biyu wajen maƙwabci na zauna kwashewa har ƙarfe ɗaya na dare. Jarrabawa da sakamako duk sun fita. Jaka ɗaya ce ta ƙi, hotunan sunan autarmu na 2019, in ta kai rabi sai ƙas-ƙas ta tashi komai ya tsaya. Na samu ashirin da wani abu daga ciki, sauran sun ƙi. Hajiya Maman Ilham, kin yi gaskiya, a rana takan mutu sau uku sau huɗu, tun 2018 kuwa. Ban taɓa kawo komai a raina ba, in an kawo wuta in sake kunnawa.

Asabar zan shiga Kano in sha Allahu, dama akwai gaisuwar da zan je.

Injiniya_Sabongari ya rubuta:

To Malam, daga yanzu kada ka sake kunna ta sai an sa SSD. Duk kunnawa rage masa kwana ne. Jakar hotunan kada ka yi ta matsa mata gaba ɗaya, bayan an gama a jona tsohon faifan a matsayin na biyu, a riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya, wanda ya ƙi a tsallake. Sau da yawa hoto biyu ko uku ne suka faɗa wurin da ya lalace, su ke tare wa sauran hanya. Kuma kada ka bari kowa ya yi masa fomatin.

Malam_Na_Tudu ya rubuta:

Na dawo da rahoto, kada a ce malami bai yi aikin gida ba.

Na sayi SSD 256GB, an jona shi a gabana, sa'o'insa sifili, an rubuta garanti a rasit. Na tafi da sandar RAM ɗina a aljihu a naɗe cikin takarda kamar laya. Na farkon da aka miƙo mini R ne a ƙarshe, na ce a'a, U nake so. Mai shagon ya ɗago ya dube ni, ya ce Malam ashe ɗan hannu ne. Ban ce masa kwana huɗu da suka wuce ban san akwai wani harafi a wurin ba. Na haɗa da batirin agogo da ɗan man furosesa. UPS na hannu na samu a nan Zariya, aka sa sabon batir, mun zare wuta ya riƙe inji da allo fiye da minti goma. Shi ya fi komai cin kuɗi, na ɗan yi jim kafin in biya.

Ni da yarona muka yi aikin ranar Lahadi a tsakar gida. Ƙurar da ta fito daga injin nan, uwargida ta ce a kai gona. Da muka haɗa muka kunna, allo baƙi, ga jar fitila tana ƙiftawa, injin yana kuka sau biyar ya tsaya, sau biyar ya tsaya. Na ce shi ke nan, na kashe ta da hannuna. Yaron ya duba a waya ya ce kuka biyar a HP maganar RAM ce. Ashe ban danna sandar ta zauna ba, tsoro nake kada ta karye. Ya danna har ta ce ƙas, ta tashi.

'Yata ta riƙe agogon waya: daga danna maɓalli zuwa buɗewar Word, daƙiƙa 26. Jiya na buɗe CorelDRAW da Chrome da Excel tare da gangan, don neman tsokana, ba ta ce komai ba. Fanka ta yi shiru har sai da na kara kunne. Hotunan suna kuma, ɗaya-ɗaya kamar yadda aka ce, duk sun fito ban da huɗu.

Bakatsine, na yi rajistar ESU ɗin. Dubu 11 ta rage, na ba uwargida ta ajiye da sunan G4, ta ce ta ji, amma in gas ya ƙare ba ruwanta. Ɗan Gola, na isar da saƙonka. Ya ɓata rai kwana ɗaya, yanzu ga shi can yana cin ƙanwarsa 5 da nema a na 2013, mun yi yarjejeniya sai ta gama gwajin JAMB na ranar sannan ya hau.

Saura matsala ɗaya. Na buɗe tsofaffin katunan da na tsara, duk rubutun ya sauya kama, salon harufan da nake amfani da su, har da na Larabcin da nake rubuta Bismillah a sama, babu ko ɗaya. Ga katin ɗaurin aure ana jira ranar Alhamis.

Injiniya_Sabongari ya rubuta:

Suna nan a tsohon faifan, Malam, sabon Windows ne bai san su ba. Ka jona shi sau ɗaya, ka shiga jakar Windows ta cikinsa, ka nemi Fonts, ka kwafo ta gaba ɗaya zuwa SSD. Ka zaɓi waɗanda kake so, danna dama, Install. In wasu ba su fito a nan ba, ka duba cikin Users, sunanka, AppData, Local, Microsoft, Windows, Fonts, jakar a ɓoye take sai ka ce a nuna ɓoyayyu. Ka rufe CorelDRAW ka sake buɗewa. In ka gama ka zare wa tsohon waya, ka sa shi a durowa.